Ɗorawar Dada a Filin Malam

Mijina, Allah ya jiƙansa, mutum ne da bai yarda da maganar baki ba. Ba wai yana ɗaukar mutane maƙaryata ba ne, cewa yake yi baki yana mantuwa, takarda kuwa ba ta yi. Duk shekarunsa na aiki a sashen kwangila ya yi su, a wani ofishin gwamnati a nan Bauchi, inda ya ga 'yan kwangila suna rantsuwa da safe su musa da yamma, to daga nan ya kwaso ciwon. Tela in zai yi masa ɗinkin salla sai ya rubuta ranar gamawa ya sa hannu. Mai gyaran famfo ma haka. Akwai shekarar da ya so ya ƙulla yarjejeniya da mai kawo mana ruwa a kura, bawan Allah ya juye jarkokinsa ya tafi bai sake waiwayarmu ba, muka koma roƙon ruwa a maƙwabta. Ni kaɗai na tsira ban sa masa hannu a komai ba, ni ma don an riga an ɗaura auren kafin ciwon ya yi tsanani.

Malam nake ce masa. A lokacin muna haya a Fadaman Mada, yara suna tasowa, gida ya yi mana kaɗan. Burinsa ɗaya ne, kuma na ji shi har na haddace: ya sami fili a bakin hanya, ya yi gida daga baya, ya jera shaguna daga gaba, in ya yi ritaya ya zauna a inuwa 'yan haya suna zuwa suna sa masa hannu. Ina jin sa hannun ya fi kuɗin hayar ba shi sha'awa.

Filin a Inkil aka samu, lokacin da aka fara yanka gonaki ana mai da su filaye. Ranar da ya kai ni in gani, kafin in ga fili ɗorawa na fara gani. Tana tsaye daga gaba, daidai inda shagunan Malam za su zauna, ƙatuwa, rassanta sun bazu har kan hanya. Na ce masa wannan fa? Ya kaɗa hannu ya ce aikin mai gatari ne na wuni guda.

Mai filin manomi ne, mutum mai sanyin magana. Sai da aka gama ciniki aka yi sallama, sannan ya sosa ƙeya ya ce akwai 'yar magana. Gona tasa ce, gado ya ci, amma ɗorawar ba tasa ba ce, ta mahaifiyarsa ce. Tun tana amarya mahaifinsa ya ba ta, da kalwarta take yin daddawar da take sayarwa. A ƙauye wannan ba abin mamaki ba ne, gona ta zama ta wani, bishiyar da ke tsakiyarta ta wani, kowa ya san nasa. Mai unguwa da ke wurin ya ce ai abu ne mai sauƙi, a bar wa tsohuwa ta riƙa ɗiban 'ya'yanta, ga shi ga jama'a sun shaida, magana ta ƙare.

Da Malam ya yi shiru a nan, da wataƙila bayan shekara ɗaya ko biyu an lallashi tsohuwa da turmin atamfa an sare bishiya. Amma an taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ce shi ba ya sayen fili da magana a iska, komai sai an rubuta.

Aka je wurin lauya, wani matashi mai fara'a. Ni ma na bi su, don Malam yana son in riƙa ganin yadda ake yin abu bisa ƙa'ida. Lauya ya rubuta takardar ciniki, ya sa layi ɗaya tak a kan bishiyar, cewa mahaifiyar mai sayarwa za ta ci gaba da amfana da ita. Malam ya karanta, ya cire tabarau, ya dubi yaron nan da tausayi. Ya tambaye shi amfana kamar yaya, zuwa yaushe, ta wace ƙofa za ta shiga, in an sare reshe fa, in an sayar wa wani fa. Ya zaro jan bironsa na ofis ya shiga aiki. Ni ina zaune ina kallon mutum yana ɗaure kansa da hannunsa, yana ƙara tamke ƙullin, fuskarsa cike da jin daɗi.

Abin da ya fito daga ƙarƙashin jan biron nan shi ne: ɗorawa ta tsohuwa ce muddin tana raye. Ba za a sare ta ba, ba za a rage mata reshe mai 'ya'ya ba, ba za a yi gini a kan saiwarta ba. Tsohuwa tana da hanyar shiga wurin bishiyarta ba sai ta nemi izinin kowa ba. Sharaɗin yana kan mai saye, shi da magadansa, da duk wanda filin ya koma hannunsa ta saye ko ta haya. Ba mai warware shi sai ita da kanta, a gaban shaidu, bayan an karanta mata takardar gaba ɗaya da Hausa. Ranar da Allah ya karɓi ranta, bishiya ta koma ga mai fili. Lauya ya ce tun da ya fara aiki bai ga mai saye ya yi wa mai sayarwa irin wannan hidima ba. Malam ya ɗauka yabo ne.

A ranar sa hannu na fara ganin tsohuwar. Kowa a unguwar Dada yake ce mata. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ta ranƙwafa, tana dogara sanda, ba haƙori ko ɗaya a gaba. Aka karanta mata, ta saurara tana gyaɗa kai, ta dangwala yatsa, ta goge sauran tawadar a bakin zaninta. Ta dubi Malam ta ce Allah ya yi wa Mai takarda albarka. Sunan da ta ci gaba da kiransa ke nan har ƙarshe.

A hanyarmu ta komawa na tambaye shi shagunan fa, tunda ya hana kansa gatari. Ya yi murmushin wanda ya gama lissafinsa. Ya ce:

"Ke ba ki ga tsohuwar ba ne? Allah ya ba ta tsawon rai, amma..."

Bai ƙarasa ba, ya mai da hankali kan tuƙi. Na ce Malam, amma me? Ya ce ba komai, shi addu'a ya yi.

Aka fara gini. Magini ya zo zai ja igiya ta gaba, Malam ya bi shi da takarda yana nuna masa inda saiwa ta bi. Duk inda aka sa diga sai a tarar da saiwa, duk inda aka tarar da saiwa sai Malam ya ce a matsa. Haka aka yi ta matsawa har shaguna suka matse suka fita daga filin gaba ɗaya. Gida dai ya tashi daga baya. Da aka zo katanga, magini ya ba da shawarar a bar bishiyar a waje a huta, Malam ya ce ƙasar da take kai tasa ce, ya saya, ba zai bar wa hanya ba. Sai aka zagaye ta, aka huda wata 'yar ƙofa a gefe, aka sa mata kwaɗo, aka kai wa Dada makulli. Ta ɗaure shi a bakin zani tare da goronta. Gidanmu ya zama gida mai ƙofa biyu, babba ta masu gida, ƙarama ta mai bishiya.

Muka tare. Da rani ɗorawa ta fitar da tutu, jajaye, suna reto kamar an rataye su da zare. Ni dai sun burge ni. Ƙudan zuma ma sun burge su, haka jemagu. Malam ya saba ajiye motarsa a inuwar, kullum da safe sai ya tarar jemagu sun bar masa saƙo a gilashi. Wata safiya na same shi a tsakar gida da takardar a hannu yana bin ta layi layi. Na tambaye shi me yake nema, ya ce yana duba ko an ambaci jemage. Ba a ambata ba. Ya ce wannan kuskuren lauya ne.

Da bazara 'ya'ya suka nuna, Dada ta buɗe ƙofarta ta shigo da rundunarta, matan ɗanta da na maƙwabta, da dogayen gora masu ƙugiya da buhuna. Ba ta yi wa kowa sallama ba sai da ta gama shimfiɗa tabarma, don an gaya mata ba sai ta nemi izini ba, ita kuma mace ce mai bin doka. Suka wuni suna kakkaɓa suna hira, ana leƙa mana madafi ana tambayar abin da muka ɗora. Malam ya dawo daga ofis ya tarar da gidansa ya koma Kasuwar Muda Lawal. Ya shiga ɗaki ya ɗauko takarda, ya fito da nufin ya nuna cewa ita kaɗai aka ba hanya. Sai ya tarar a wurin shi da kansa ya ƙara da jan bironsa cewa ita ko wanda ta wakilta. Bai faɗi adadin wakilan ba.

Ya kwana biyu yana tunani, ya samo mafita. Tunda tana da ikon wakilta wanda ta so, to ta wakilta shi. Da kansa ya je har gida ya nemi aikin, ita kuma ta ba shi ba tare da ta ja masa rai ba. Daga shekarar nan, duk bazara za ka ga babban ma'aikacin gwamnati, mai sa 'yan kwangila rawar jiki, tsaye da singileti da gora a hannu, wuya a sama, garin ɗorawa ya mai da gemunsa rawaya. Dada tana zaune a tabarma tana nuni da sanda, tana cewa Mai takarda ga wasu can ka bari, na sama, hagunka. In ya ce hannunsa ya gaji sai ta ce to ta kira matan? Sai ya ɗaga gora.

Ni riba na ci. Bayan ta kwashe ta kai gida ta dafa kalwa ta yi aikinta, sai ta aiko mini da daddawa a ƙunshe cikin ganye, irin wadda in ka jefa a miyar kuka maƙwabta suke sanin an yi girki. Da Malam ya gani ya ce kada in karɓa. Wai ba ta cikin yarjejeniya, gobe wani zai iya cewa haya take biya, magana ta rikice. Na ce to. Na karɓa na ɓoye a cikin tukunya. Ya yi shekaru yana sharɓar miya yana cewa hannuna ya ƙara kyau tun da muka dawo Inkil, ruwan wurin ne. Na tabbata ya sani, don akwai ranar da daddawar ta ƙare na sayo ta kasuwa, ya kai loma ɗaya ya tambaye ni ko Dada lafiya.

Maganar lafiyarta kuwa, ba wanda ya kai shi bibiya. Duk sanda ta shigo sai ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi ƙarfin jiki, ya tambayi ƙafa, ya tambayi tarin da ya ji tana yi bara. Ita kuma ta dube shi da idon nan nata ta ce:

"Ina nan, Mai takarda. Ban tafi ba tukuna."

Ta san lissafin da ya yi, shi ma ya san ta sani, kuma ba wanda ya taɓa jin haushin wani. Shekaru suka yi ta wucewa, gashin Malam ya yi fari, ya fara riƙe ƙugu in zai tashi, Dada kuwa tana nan yadda muka same ta. Ina jin tun farko ta gama tsufanta gaba ɗaya ta huta.

Sau ɗaya ta kwanta ciwo sosai, da damina, har ɗanta ya fara aika wa dangi. Da labari ya iso mana, Malam ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba. Shi ya ɗauke ta a mota ya kai asibiti, shi ya yi ta faɗa da ma'aikata har aka ba ta gado, shi ya yi ta zirga-zirgar magani. Da ta warware aka sallamo ta, ya dawo gida ya zube a kujera yana huci. Na kawo masa ruwa na ce sannu, ka ga yanzu shaguna sun ƙara nisa. Ya harare ni ya ce a duk tarihin kwangila ba a taɓa yin wanda ya yi wa kansa zagon ƙasa irinsa ba. Washegari ya aika mata da madara.

Bayan ya yi ritaya, unguwa ta cika, hanya ta zama hanya. Sai ga wani kamfanin sayar da iskar gas ta girki suna neman hayar gaban filin na shekaru masu yawa. Manajansu ya zo da mota mai sheƙi, ya zagaya, ya ce wuri ya yi, bishiya ce kawai za a cire. Malam ya ce a ba lauyansu takarda ya duba tukuna. Ina jin a ransa yana fatan lauyan kamfani, mai manyan littattafai, zai gano wata 'yar kafa da shi bai gani ba. Lauyan ya karanta ya dawo da ita. Ya ce ko sun karɓi hayar, sharaɗin zai bi su, kamfani zai zama mai gadin ɗorawa, kuma dole su bar wa tsohuwa ƙofa a tsakiyar tukwanen gas. Ya tambayi wanda ya tsara takardar, ya ce bai bar ko hudar allura ba.

Na zaci ranar ba za a ci abinci a gidan ba. Sai ga Malam ya shigo yana taku ɗai-ɗai, hula a karkace. Ya ce in duba in gani, kamfani guda, da manaja da lauya da mota, sun zo sun ga takardarsa sun ja da baya. Na ce ai kai ma ta hana ka. Ya ce wannan shi ne alamar takarda ta ƙwarai, wadda ba ta san mai ita ba. Ya yi mako yana ba abokansa labari a masallaci, kai ka ce kwangilar ya samu.

Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. Ya kwanta bayan an gama kakkaɓar wata bazara, kafin ruwa ya zauna sosai an kai shi makwancinsa. Har yanzu ba zan iya dogon bayani a kan kwanakin nan ba.

Dada ta zo gaisuwa. Ba ta bi ta babbar ƙofa inda jama'a suke shiga ba, tata ta buɗe. Lokacin idonta ya fara rauni, ɗanta ne yake riƙe da hannunta. Ta zauna kusa da ni. Can ta lalubo hannuna ta ce:

"'Yar nan, ba haka aka rubuta ba. Ni ce zan fara tafiya, haka aka karanta mini."

Duk kwanakin nan na daure a gaban mutane, amma wannan maganar ta karya ni. Muka yi kuka ni da ita har aka zo ana ba mu haƙuri.

Manajan kamfanin gas ma ya zo ta'aziyya, Allah ya saka masa. Sai dai na lura ana shafa fatiha idonsa yana kan ɗorawa ta tsakanin yatsunsa. Ban fita takaba da daɗewa ba ya dawo, wannan karon wurin babban ɗana.

Gaskiya muna da bukata. Haƙƙoƙin Malam sun maƙale a ofis, wai ana bin takardu, abin da da yana raye da ya ba shi dariya ko ya sa shi hawan jini. Autarmu tana makaranta, rufin ɗaki ɗaya yana yoyo. Babban ɗana yaro ne mai hankali, nauyi ya faɗo masa lokaci guda, kuma ba abin kunya ya nema ba. Ya karanta takardar ubansa ya ga ƙofa ɗaya da aka bari: Dada tana iya yafewa da kanta. Ya je ya same ta da ladabi ya yi mata bayani. Ya dawo ya ce mini ko gardama ba ta yi ba, ta ce marayun Mai takarda sun fi bishiya. Ni ma na ce to.

Aka sa rana. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin ɗorawar, da hantsi, lokacin tutu ya fara zubowa. Ga manaja, ga lauyan kamfani, ga mai unguwa, ga ɗan Dada, ga 'ya'yana. Aka kawo ta a Keke Napep, ta sa aka tsaya a ƙaramar ƙofa, ta kwance makulli daga bakin zani ta buɗe da lalube. Lauya ya fito da sabuwar takarda da 'yar tawadar dangwale. Manaja yana duba agogo ya ce a dangwala kawai tunda kowa ya san zancen. Lauya ya ce ina, tsohuwar takarda ta ce sai an karanta mata ita gaba ɗaya da Hausa, in aka tsallake wannan, yafewar ba ta da ƙarfi. Ko a kabari Malam bai bar mutane sun yi gaggawa ba.

Lauya ya fara karatu. Ni ban sake jin takardar nan ba tun ranar da aka sa mata hannu, kullum a hannun Malam nake ganinta. Layukan farko na lauyoyi ne, iyaka ta gabas, iyaka ta yamma. Da aka iso wurin bishiya sai na ji maganar ta sauya. Ba za a sare ta ba. Ba za a rage mata reshe mai 'ya'ya ba. Ba za a yi gini a kan saiwarta ba. Wallahi mijina ne. Haka yake magana, haka yake jera abu ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga yatsa, haka yake toshe kowace kafa kafin ka buɗe baki. Tun da ya rasu nake neman muryarsa a gidan nan, a ɗakinsa, a cikin rigunansa, ban same ta ba sai a bakin lauyan kamfani. Da aka karanta shi da magadansa, na dubi babban ɗana, na ga ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

Aka gama. Lauya ya kama babban yatsan Dada ya danna a tawada. Ta miƙa hannu tana laluben inda takardar take. Ban san lokacin da na tashi ba. Na riƙe hannun, na ja bakin mayafina na shiga goge tawadar.

Lauya ya yi gyaran murya ya ce, cikin ladabi, Hajiya a takarda fa ba ki da ikon hana ta, haƙƙinta ne ita kaɗai. Na ce na sani, na zauna da mai takardar shekara da shekaru, ba hana ta nake yi ba, roƙonta nake yi. Na juya na ce:

"Dada, don Allah kada ki sake mu. Ki bar mu a ɗaure."

Ta ɗaga fuska wajen da take jin muryata. Ta ce ita dama ba so take ba, kunya ce ta kawo ta, yaro ya zo har gida ya durƙusa. Ta ce tun jiya ba ta iya cin abinci ba. Sannan ta janye hannunta ta ɓoye shi a cikin zani, kamar mai tsoron a ƙwace.

Na ji nauyin ɗana ƙwarai, don na kunyata shi a gaban baƙi, kuma shi zai ci gaba da fama da yoyon ɗaki da kuɗin makaranta. Manaja ya tattara nasa ya tafi, wannan karon bai yi sallama mai tsawo ba. Da aka watse na je na sami yaron zan ba shi haƙuri. Ya ce Umma bari kawai, da ba ki tashi ba ni zan tashi, ƙafata ce ta yi nauyi. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko don ya sanyaya mini rai ne, ban kuma bincika ba.

Kamfanin ya sami wani fili can gaba da mu. Duk sanda na wuce ina ganin layin masu tukwane, na san abin da muka bari, ba na yi wa kaina ƙarya. Rufin ɗaki sai da ya ƙara damina yana yoyo kafin muka iya gyara shi. Autar ta gama makaranta da taimakon Allah da na kawunnanta.

Da bazarar ta zo, ɗana ya shiga ɗakin ajiya ya fito da gorar ubansa. Ba wanda ya ce masa. Ya je ya nemi wakilci wurin Dada kamar yadda doka ta ce, ta ba shi. Yanzu ba ta ganin reshe, amma hakan bai hana ta ba da umarni ba. Tana zaune a tabarma tana jin faɗuwar 'ya'yan, tana cewa ɗan Mai takarda akwai saura, ubanka ba ya barin na sama. Shi kuma gemunsa da bai gama fitowa ba ya koma rawaya. Daddawa kuwa matan ɗanta ke yi yanzu, ana kawo mini a fili, ba mai cewa in mayar.

Takardar tana cikin akwatina. Na san abin da layinta na ƙarshe ya ce. Ranar da Dada ta tafi, ɗorawa ta zama tamu, mu sare ko mu bari, ba mai tambayarmu, kuma daga ranar Malam ba shi da sauran abin da yake hanawa ko yake sawa a gidan nan. Ina tsoron wannan ranar fiye da yadda zan iya faɗa. Shi ya sa duk safiya in na idar da salla, bayan na yi masa addu'a, sai in ɗauko tasa addu'ar da ya fara a mota bai ƙarasa ba. Ina cewa Allah ya ba Dada tsawon rai. A nan nake tsayawa, ba na sa amma.